Yadda ake gasa ƙananan kayan ƙarfe a jibge ba tare da fentinsu ya lalace ba

Duk wanda ya taɓa zaro kwandon noti da washa daga tanderu bayan an yi musu fenti ya san abin da ke jiransa. Na sama sumul, suna ta sheƙi. Ka sa safar hannu ka tona tsibin, sai ka ci karo da washa uku sun manne kamar an yi musu walda. Ka ɓamɓare su, fentin ya bi ɗaya ya bar ɗaya tsirara. Na can tsakiya kuwa ka danna farce, sai ya nutse. Fenti ɗaya, tanderu ɗaya, lokaci ɗaya, amma kaya sun fito kashi uku.

Ba kuma za a daina jibgewa ba. Wanda ya ce zai rataye noti dubu goma ɗaya bayan ɗaya a ƙugiya, ladan aikin sai ya cinye kuɗin notin. Abin yi shi ne a san ɓarnar da tsibi ke yi, a tare ta tun kafin a rufe ƙofar tanderu.

Abubuwa uku ke faruwa da fenti idan ya ji wuta, kuma a jere suke zuwa. Da farko ruwa ko tinar da ke cikinsa su tashi. Sannan ya saki jiki ya kwanta, ya shafe 'yan tudu da kwarin da ke fuskarsa. Daga ƙarshe ƙwayoyin sinadarinsa su sarƙe da juna ya taurare, taurin da ba ya komawa baya. Wannan na ƙarshen shi ne nunar fenti. Tsibi yana yi wa dukkan ukun ƙafar ungulu: yana riƙe tururi, yana haɗa jikin kaya da juna daidai lokacin da fenti ke da danƙo, kuma yana hana zafi isa tsakiya a kan kari.

Fara da tambayar ko kayan da fentin za su jure tsibi

Garin fenti, wanda ake fesawa a bushe wutar lantarki ta manna shi a jikin ƙarfe, ba ya shiri da tsibi ko kaɗan. Yakan hau da kaurin maikuron 60 zuwa 80 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato kusan kaurin gashin kai guda, kuma sai ya narke ya zama ruwa kafin ya taurare. Duk abu biyu da suka taɓa juna a wannan hali sun zama ɗaya. Tun kafin ma a kai ga wuta, gogayya kaɗan ta isa ta kakkaɓe garin. Idan da shi za ka yi aiki, rataye kayan, ko ka jera su a kan tsinin fil ta gefen da ido ba ya gani, da ratar yatsa ɗaya ko biyu a tsakani. Kowace ƙugiya za ta bar ɗan tabo, kai ne za ka zaɓa mata wurin zama.

Fentin da aka ƙera don tsibi siriri ne. Fitacce a cikinsu shi ne mai ɓarɓashin tutiya da alminiyum, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1970, ana kuma saninsa da sunaye irin su Dacromet da Geomet da Delta-Protekt da Magni. Kaurinsa bai cika wuce maikuron 5 zuwa 15 ba. Ana zuba kaya a kwando mai huji-huji, a tsoma cikin fenti, a ɗago a juya kwandon da gudu rarar ta fice, a zazzage a gasa. Ƙa'idarsa a kan bol da noti ita ce ISO 10683.

Sai siffar kayan. Bol da noti masu kusurwa shida sun fi komai sauƙi, don a gefe da tsini kawai suke taɓa juna. Washa shimfiɗaɗɗiya ita ce uwar rigima: biyu suka kwanta fuska da fuska, jiƙaƙƙen fenti ya tsotse su, ba su rabuwa sai da rauni. Sifirin yana sarƙewa da ɗan'uwansa. Abu mai rami kamar kofi yana tara fenti a ciki. Ga gwaji mai arha: ɗebi cikin hannu guda, jiƙa da ruwa, watsa a faranti. Duk waɗanda ruwa ya manne, fenti zai manne su fiye da haka.

Kada ka manta da ƙarfen kansa. Fentin tutiya na ruwa yana son zafin da ya kai digiri 300 na Salshiyas ko ya ɗan haura, na tina kuma tsakanin 200 da 250. Bol masu lambar ƙarfi 8.8 da 10.9 da 12.9 an riga an hore su da wuta tun a wajen ƙira, a zafin da bai gaza 380 zuwa 425 ba, saboda haka ba su damu ba. Amma sifirin da sukurun da aka taurara fatar jikinsa kawai, wasunsu a ƙasa da haka aka hore su, zafin 300 na iya rage musu ƙarfi. Tambayi wanda ya ƙera su kafin ka kunna wuta.

Wanki da shafawa

A nan ba sai an ja zance ba. A cire mai da giris da ruwan wanki mai kaifi, a kankare tsatsa da feshin ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, a busar sarai. Bol masu ƙarfi sosai a nisanta su da asid, domin iskar haidurojin da asid ke saki na shiga ƙarfen ya sa shi karyewa ba gargaɗi. Abu ɗaya da tsibi ya ƙara a nan shi ne ɓoyon ruwa. Ɗigo guda da ya maƙale a cikin tiredin noti, wato zaren da bol ke bi ya shiga, zai tafasa a tanderu ya huda fentin, tururinsa kuma ya dusashe na maƙwabta.

Wajen shafawa, ƙa'idar ita ce siriri sau biyu ya fi kauri sau ɗaya. Auna kaurin ruwan fentin da kofin gwaji mai huji a gindi, ka ƙirga daƙiƙun da yake ɗauka kafin ya tsiyaye, ka daidaita da abin da takardar bayanin fentin ta ce. Maimaita awon da rana, don fentin da ka auna da sanyin safiya ba shi ne na azahar ba: zafi na tsinka shi, tashin tina kuma na kaurara shi. Kada kwando ya cika. Juya shi dama, ka tsaya kaya su sauya kwanciya, ka juya hagu. Injin da ke karkata kwando yayin juyi ya fi kwashe fentin da ke taruwa a ramin kan sukuru, inda bakin sukurudireba ke shiga. Ramin nan idan ya cika ya taurare, sukurun ya tashi daga aiki komai kyansa.

Bazawa: a nan rabin aikin yake

Kada ka gasa kaya a cikin kwandon da ka juya su. Juyin ya riga ya danne su a bango, sun matsu, duk rarar fentin da ta rage tana maƙale a tsakaninsu. Zazzage su a faranti mai raga ko mai huji, ko a bel ɗin tanderu idan mai tafiya ne, tun fentin yana jiƙe. Jiƙaƙƙen fenti yana komawa ya rufe wurin da aka taɓa. Wanda ya fara danƙo ba ya komawa, duk inda aka ja shi nan zai tsaya. Tsakanin juyi da bazawa minti ɗaya ma jinkiri ne.

Zurfin shimfiɗa shi ne abin da mutane suka fi yi wa ganganci. Layi ɗaya ya fi, kowane abu a kwance shi kaɗai. Idan yawan aiki bai bari ba, layi biyu zuwa uku ga bol da noti, washa kuwa layi ɗaya tilas, a girgiza farantin har su warwatse. Dalili biyu ne. Na farko nauyi: na ƙasa yana ɗauke da duk na samansa, kuma gwargwadon dannawa gwargwadon faɗin tabon. Na biyu iska, wadda za mu zo kanta.

Farantin ma yana da nasa tabon. Raga mai siririyar waya tana barin ɗigo-ɗigo ƙanana, farantin da ba huji kuwa yana shafe fuska guda sukutum, ya kuma tare iska daga ƙasa. Tsohon fenti da ya taru a raga yana laushi idan ya ji wuta ya kama sabbin kaya, ko ya farfashe ya zama baƙin tsaki a jikinsu. A riƙa kankare faranti a kai a kai.

Kuma kada a haɗa manya da ƙanana a faranti ɗaya. Kafin bol mai kaurin babban yatsa ya yi zafi, 'yar washar da ke gefensa ta daɗe da nuna har ta fara ƙuna.

Shan iska kafin wuta

Ba a ɗauko jiƙaƙƙen kaya a cusa kai tsaye cikin zafin gashi. Saman fentin zai yi fata alhali tina na ƙasa, in ta matsu ta fasa fatar ta fito, a bar ka da ƙuraje da huji kamar na allura. A ba su kamar minti 10 a ɗumi mai sauƙi, tsakanin digiri 60 da 100, da fanka tana kaɗawa. Tsibi yana buƙatar fiye da abin da abu guda a rataye ke buƙata, saboda tururin da ya tashi daga na ƙasa a jikin na sama yake sauka ya sake jiƙa su. Shi ya sa wani lokaci za ka ga dabbare-dabbare marasa sheƙi a kayan da ke tsakiya kaɗai.

Akwai kuma maganar rai a nan. Kaya dubu a faranti suna da faɗin jiki mai yawa, tinar da suke fitarwa lokaci guda ba kaɗan ba ce. Ƙa'idar tanderun masana'antu ta NFPA 86 ta ce a riƙe tururin ƙasa da kashi 25 cikin 100 na adadin da zai iya kamawa da wuta. Tanderun da ba shi da mazuƙar hayaƙi ba na fentin tina ba ne.

Agogo ba ya farawa sai na tsakiya ya yi zafi

Idan takardar fenti ta ce minti 10 a digiri 200, ko minti 20 a 180, zafin ƙarfen take nufi, ba na iskar tanderu ba. Lambar da ke jikin tanderu kuwa iska take aunawa. Ga abu guda siriri a rataye bambancin ɗan kaɗan ne. Ga tsibi, nan ne duk asarar take.

Mu yi ɗan lissafi. Kilo guda na ƙarfe yana shan kusan kilojul 0.49 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne) kafin zafinsa ya hau da digiri ɗaya. Kilo 20 daga digiri 25 zuwa 200 ya kama wajen kilojul 1,700 ke nan. Tanderu mai ƙarfin kilowat 3, ko da a ce duk zafinsa ƙarfen yake shiga, sai ya haura minti 9 kafin ya biya wannan bashi. A zahiri kuwa faranti na sha, bango na sha, mazuƙa na fitar da wani, kuma yayin da ƙarfe ke matsowa kusa da zafin iska hawansa na ƙara nawa. Wanda ya saka agogon minti 10 daga rufe ƙofa, ya buɗe ne daidai lokacin da gashi ke shirin farawa. Alminiyum kuma kilo-kilo yana shan kusan ninki biyu na abin da ƙarfe ke sha, duk da cewa zafi ya fi saurin ratsa shi.

Wannan ma matsakaicin lissafi ne. Iska mai zafi na bugun na sama da na gefe. Na tsakiya ba ya ganin ta, yana jiran zafin da zai ratso ta 'yan wuraren da kaya suka taɓa juna da kuma iskar da ke kwance a tsakaninsu, wadda ba ta iya isar da saƙo da sauri. Sai a wayi gari na waje ya gama nuna na ciki bai fara ba.

Hanyar ganewa ɗaya ce, a auna. Samo wayar auna zafi nau'in K, aƙalla uku. Huda ɗaya daga cikin kayan, ko ka matse bakin wayar tsakanin bol da noti, yadda ƙarfe za ta ji ba iska ba. Binne ɗaya a tsakiyar tsibin can ƙasa, ɗora ɗaya a sama, bar ta uku a iska. Loda tanderun kamar yadda kake lodawa ranar aiki, duk farantai a cike, ba faranti ɗaya na gwaji ba. Rubuta lambobin kowane minti. Abu biyu kake nema: mintin da na tsakiya ya kai zafin gashi, da kuma tsawon lokacin da na sama ya riga ya yi a can. Lokacin gashinka shi ne mintin farkon nan, a ƙara abin da takarda ta ce. Sannan ka duba ko na sama bai wuce iyakar da fentin ke jurewa ba. Idan ya wuce, maganin ba ƙarin wuta ba ne, rage zurfin shimfiɗa ne.

Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina. Na ga na tsakiya ɗanye, sai na murɗa wuta sama da digiri 20 don in huta da jira. Na tsakiyar ya nuna kam, amma farin fentin na sama ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, duk farantin sai da aka kankare aka sake. Sauri ya haifi nawa. Da na raba kayan gida biyu tun farko, da rabin wannan lokacin ya ishe ni.

Ka kuma zagaya da wayar cikin tanderun, don kowane tanderu na da lungun sanyi, galibi kusa da ƙofa ko can ƙasa. Bar rata tsakanin farantai da bango iska ta zaga. Farin fenti da mai haske sun fi saurin tona asiri, musamman a tanderun gas da harshen wuta ke haɗuwa da iskar ciki, inda hayaƙin ke sa su rawaya.

Hucewa, warwarewa, shafi na biyu

Fenti mai zafi yana da laushi ko da ya nuna. Kada a juye kaya a buhu ko a kwali daga fitowarsu, nauyinsu zai buga musu hatimin juna. A bar su a faranti har hannu ya iya riƙe su. Sannan a girgiza a hankali waɗanda suka ɗan kama juna su rabu, kuma wajen zubawa kada a sako su daga sama, kaifin noti na ɓantare fentin ɗan'uwansa.

Yanzu amfanin shafi biyu ya fito. Duk inda kaya suka taɓa juna a zagayen farko, fenti ya yi siriri ko babu. Idan aka sake tsomawa aka sake bazawa, da wuya su kwanta a daidai wurin da suka kwanta da, sai shafi na biyu ya rufe tabon na farko, na farko kuma yana ƙarƙashin tabon na biyu. Wannan ya sa fentin tutiya kusan kullum sau biyu ake yinsa, wani lokaci a ɗora shafi na uku mai santsi a sama. Sai dai a tuna shafin farko wuta biyu zai sha. Idan ya ƙone tun a zagayen farko, na biyu ba zai kama shi da kyau ba.

Karanta fuskar kayan

Samfurin gwaji daga wuri uku ake ɗauka: sama, tsakiya, da ƙasan faranti. Wanda ya ɗebi na sama kaɗai kansa ya yaudara. Tun da noti ba shi da shimfiɗaɗɗen wurin gwaji, binne ɗan falle na ƙarfe mai kauri irin na kayan, wanda aka shafa tare da su, a tsakiyar tsibi.

A kan fallen nan ka yi yankan raga na ISO 2409: layi shida a tsaye, shida a kwance, a manna salatif a fizge. Maki 0 babu abin da ya tashi, maki 5 ya kwashe. Ga fentin da ke taurara da wuta, jiƙa ƙyalle da sinadarin MEK, wani nau'in tina mai ƙarfi, ka goga gaba da baya kana ƙirgawa. Yawancin masu garin fenti sau 50 suke nema ba tare da fentin ya yi laushi ba, amma adadin ya danganta da irin fentin. MEK na kamawa da wuta, a yi nesa da tanderu.

Ido ma na ba da labari. Fentin da ya kamata ya fito a dushe amma ya fito da sheƙi, sau da yawa ɗanye ne. Wanda ya yi rawaya ko ya rasa sheƙinsa ya sha wuta da yawa. Tabo mai zobe, gefensa a tashe tsakiyarsa a kwaile, wurin mannewa ne, yana nuna shafi ya yi kauri ko an makara wajen bazawa. Fuska mai tudu-tudu tana nufin fentin bai samu kwanciya ba kafin ya daskare. Fentin tutiya da ke barin ƙura mai yawa a tafin hannu bai nuna ba. Juriyar tsatsa kuwa sai a akwatin feshin ruwan gishiri na ISO 9227, gishiri kashi 5 cikin 100 a digiri 35, inda ake neman sa'o'i kamar 480 ko 720 ba jar tsatsa, kuma idan za ta ɓullo a wuraren mannewar nan take farawa.

Ga bol da noti akwai gwajin da ya fi duk waɗannan gaggawa, wato ko suna shiga juna. A tiredi mai kusurwar digiri 60, kowane maikuron ɗaya na fenti yana ƙara huɗu a faɗin tiredin. Shafin maikuron 10 ya zama 40 ke nan, alhali sararin da aka bar wa bol M6 (mai kaurin milimita 6) a awon tiredi na yau da kullum, wato 6g, maikuron 26 ne kacal. Saboda haka ake yanka tiredin kayan da za a shafa da ɗan ragi tun a wajen ƙira, a awon 6f ko 6e, masu barin sarari fiye da 6g. Gwada da gejin tiredi bayan shafi na ƙarshe, kuma ka fi mai da hankali ga na ƙasan faranti, inda fenti ke gangarowa ya taru a kwarin tiredi.

Idan faranti ya fito yadda kake so, rubuta komai a take: irin kayan, nauyin da ke kowane faranti, layi nawa, daƙiƙun kofi, tsawon juyi, mintin shan iska, da mintin da wayar tsakiya ta kai zafi. Auna nauyin lodi da sikeli kowane zagaye, kada ka kimanta da ido. Duk ranar da aka sauya girman kaya, ko aka ƙara faranti ɗaya a tanderu, a sake binne wayar a tsakiya a auna daga farko.